"Ni Na Kawo Ki, Ni Zan Mayar Da Ke": Abin Da Dokar Amurka Ta Tanadar Wa Wadda Ake Zalunta A Gidan Aure

Duk wanda ya saba zama da matan da aure ya kai Amurka ya san wannan maganar. A Bronx ake faɗarta, a Greensboro ake faɗarta, a Houston ma haka, da Hausa ko Zabarmanci ko Turanci: "Ni na kawo ki ƙasar nan, waya ɗaya zan buga a saka ki a jirgi." Mari ciwonsa yakan wuce, wannan maganar kuwa tana zama a ƙirjin mace shekara da shekaru. Ita ce ke hana ta kiran 'yan sanda, ita ce ke sa ta ce wa likita faɗuwa ta yi a banɗaki. Nufina a nan in warware yadda dokar shige da fice ta Amurka take a kan wannan lamari, don a ga inda barazanar ke da haƙori da inda take holoƙo.

Barazanar tana da asali. A tsarin da aka saba, ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wanda kowa ke kira girin kad, shi ne ke cike wa matarsa fom I-130 a USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka. Shi ya shigar, kuma yana da ikon janyewa kafin a ba ta katin. A 1986 majalisar dokoki ta ƙara wani mataki don daƙile auren bogi: idan aure bai kai shekara 2 ba a ranar da aka ba mace izinin zama, katin wucin gadi na shekara 2 za a ba ta, sannan a cikin kwana 90 na ƙarshe su biyun su cike fom I-751 tare, a mayar da shi na shekara 10. An yi dokar ne don masu auren takarda, sai ta zama sanda a hannun azzalumin miji, domin sai da sa hannunsa. Majalisar ta gane ɓarnar. A 1990 ta buɗe ƙofa ga wadda aka daka ko aka azabtar ta cike I-751 ita kaɗai. A 1994 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar yaƙi da cin zarafin mata da ake kira VAWA, wadda Joe Biden ya jagoranta yana sanata. An sabunta ta a 2000, da 2005, da 2013, da 2022. Duk da sunan mata da ke kanta, namijin da matarsa ke zalunta yana da hakki iri ɗaya a cikinta. Da "ita" zan riƙa magana saboda mata ne suka fi yawa.

Kafin komai, mace ta san wace takarda ce a hannunta. Abin mamaki, da yawa ba su sani ba. Ɗauki yarinyar da aka kawo daga Kano ko Damagaram, aka ajiye ta a hawa na biyar. Fasfonta yana cikin jakar maigida tun ranar da suka sauka filin jirgi. A ƙasan benen akwai jerin ƙananan akwatunan wasiƙa na ƙarfe, mabuɗin nasu ɗaya ne, yana rataye tare da mabuɗin motarsa. Duk wasiƙar da hukuma ta aiko da sunanta shi ke buɗewa, shi ke gaya mata abin da ya ga dama. Irin wannan matar tana iya yin shekaru tana rawar jiki, alhali katin shekara 10 ne da ita. Wadda ke da wannan katin, miji ba shi da ikon soke mata shi, saki ma ba ya taɓa shi. Idan ya ɓoye ko ya karya katin, fom I-90 take cikewa a ba ta wani. Akwai ma abin da mazan ba sa son a sani: takardar ɗaukar nauyi, I-864, da ya sa wa hannu lokacin kawo ta, alkawari ne da kotu ke iya tilasta shi cikawa, cewa zai riƙe ta a kan kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati. Saki ba ya sauke masa wannan nauyin. Yana sauka ne idan ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara kimanin shekara 10 na aiki da aka lissafa mata, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya.

Mai katin shekara 2 kuma hanyarta I-751 ce, ba tare da mijin ba. Tana iya dogara da cewa an ci zarafinta, ko cewa aure ne na tsakani da Allah amma auren ya mutu, ko ta haɗa dalilan biyu. Ba dole ta jira kwana 90 ɗin nan ba. Lauyoyi sukan so a sa dalilin cin zarafi idan akwai shi, saboda amfanin da zai yi mata a gaba wajen neman zama 'yar ƙasa, kamar yadda za mu gani.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wadda ba ta da kati ko kaɗan: ta shigo da bizar ziyara ko ta karatu ko ta neman aure, miji ya ce zai cike mata bai cike ba, ko ya cike ya janye. Ita ce VAWA ta ba damar nema wa kanta da kanta, da fom I-360. Ba a biyan kuɗin wannan fom, ba a neman izinin miji, ba a sanar da shi. Sharaɗi na farko, mijin ya kasance ɗan ƙasa ko mai katin dindindin. Sai ta nuna aure ne na gaskiya, ta zauna tare da shi, ya dake ta ko ya yi mata matsananciyar azabtarwa, kuma ita mai kyawun hali ce a idon doka, wanda akasari ake duba shekara 3 na baya da takardar wanke kai daga 'yan sandan wuraren da ta zauna. 'Ya'yanta marasa aure 'yan ƙasa da shekara 21 suna shiga cikin takardarta. Yaron da uba ko uwa mai takarda ke zalunta yana iya nema da kansa, haka ma dattijuwar da ɗanta ɗan ƙasa mai shekara 21 zuwa sama ke wulaƙantawa.

A tsaya a kan kalmar azabtarwa, don a nan mata da yawa ke cire kansu. Za ka ji ta ce, "Ai bai taɓa sa mini hannu ba." Dokar ba ta tsaya ga duka ba. Kulle mace a gida, ƙwace mata waya da fasfo, hana ta zuwa asibiti, tilasta mata kwanciya, barazanar kashe ta ko raba ta da 'ya'yanta, tsoratar da ita da jami'an shige da fice, duk ana dubawa idan suka haɗu suka zama salon mallake mutum da tsoro. Saɓanin yau da kullum na miji da mata, da baƙar magana ta lokacin fushi, ba su kai ba. Jami'in da ke karanta fayil yana neman ya ga yadda abin ya riƙa maimaituwa, da abin da ya yi wa rayuwarta.

To da me za ta nuna? Majalisa ta san wadda aka kulle ba ta da tarin takardu, shi ya sa ta umarci hukuma ta duba duk wata hujja da hankali zai kama. Ba dole sai da rahoton 'yan sanda ba, ba dole sai an gurfanar da mijin ba. Ginshiƙin fayil shi ne bayanin da ta bayar da bakinta, aka rubuta, ta sa hannu bisa rantsuwa: yadda suka haɗu, wa ya kai kuɗin gaisuwa, yaushe abu ya fara lalacewa, me ya faru a daren kaza, wa ta kira. Sai a tallafe shi da abin da aka samu: takardar asibiti, hoton rauni, umarnin kotu na hana shi kusantarta, wasiƙar gidan mafaka, bayanin maƙwabciya ko limamin da aka kai wa ƙara. Saƙon murya na WhatsApp da ya aiko yana zagi da barazana hujja ce mai ƙarfi, sai dai a rubuta shi a fassara zuwa Turanci, mai fassara ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu. Ta ɓangaren nuna gaskiyar aure kuwa, bikinmu da kansa shaida ne: katin gayyata, hotunan kamu da na kai amarya, takardar aure ta kotu ko ta masallaci, bayanin waɗanda suka halarci ɗaurin aure suka ji sadaki.

A nan ne al'adarmu ke cutar da mace ba tare da kowa ya nufa ba, kuma wannan ne ya fi damuna a duk lamarin. An tarbiyyantar da ita a kan rufin asiri. Ya aiko saƙon zagi, ta goge don kada wani ya gani. Ta je asibiti da kumburarren ido, ta ce ƙofa ce. Ta kira gida tana kuka, an ce, "Yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, kada ki ja mana abin faɗa." Manyan gari sun zauna sun yi sulhu sau uku, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ranar da tura ta kai bango ta je gaban lauya, sai a tarar shekara biyar na wahala ba su bar sawu ba. Ban ce a daina sulhu ba, sulhu alheri ne. Amma wanda ya shiga tsakani ya ga rauni da idonsa, amana ce a wuyansa ya yarda ya ba da shaida idan an nema. Ita kuma ta gaya wa likita gaskiya ko da ba ta shirya barin gidan ba, ta tura hotuna da saƙonni ga wata aminiya ko wani imel da shi bai san da shi ba, ta ɗauki hoton fasfonta da takardar aure da duk abin da ke nuna matsayin mijin, ko lambar katinsa ce.

Akwai wurare uku da aurenmu ke karo da dokarsu. Na farko, ɗaurin aure ta hannun waliyyi da wakili, ango yana Amurka amarya tana cikin gida. Amurka tana karɓar auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, amma idan ma'auratan ba su kasance wuri ɗaya lokacin ɗaurawa ba, sai an nuna sun tare bayan nan kafin a lissafa shi. Ga wadda ta zauna da mijin wannan ba wuya, amma sai an kawo shaidarsa. Na biyu, kishiya. Dokar Amurka ba ta san mata ta biyu ba. Gyaran da aka yi wa VAWA a 2000 ya yi rangwame ga wadda aka yaudara: an yi bikin aure, ta ɗauka ita ce matarsa ta halal a doka, ashe yana da wani auren da bai warware ba. Wadda ta shiga da saninta cewa ita ce ta biyu, lamarinta ya fi wuya ƙwarai, wataƙila wata ƙofar za a nema mata. Na uku, saki. Furucin saki a ɗaki, ko a 'yar takarda, ba ya kashe aure a dokar jihohin Amurka, sai kotu. Idan kotu ta raba auren, tana da shekara 2 kacal daga ranar ta shigar da I-360, tare da nuna cewa rabuwar na da alaƙa da cin zarafin. Haka idan mijin ɗan ƙasa ya rasu, shekara 2 ne. Kuma idan ta sake aure kafin a amince da takardarta, takardar ta mutu. Mace ta gama idda, dangi sun matsa ta yi aure don a rufa mata asiri, ba wanda ya san an rusa mata shekarun da ta yi tana jira. Bayan an amince, tana iya aurenta.

Sai maganar yaji. A gida, mace ta ji wuya ta tafi gidansu ta huce, a zo biko. A can, hawa jirgi yana iya rufe ƙofa. Wadda ta wuce kwana 180 ba bisa ƙa'ida ba, sannan ta fita daga ƙasar, ana iya hana ta dawowa shekara 3. Wadda ta kai shekara guda, shekara 10. Akwai sassauci ga waɗanda aka ci zarafinsu, amma sai an yi fafutuka kafin a samu. Mai jiran katin da ta fita ba tare da izinin tafiya ba, ana ɗauka ta yi watsi da buƙatarta. Mai kati ma idan ta wuce shekara a waje, ana iya cewa ta bar zamanta. Wasu mazan sun san haka sarai: "Shirya ki je ki ga su Hajiya," a sauka gida, ya karɓe fasfo da kati, ya koma shi kaɗai. Ko a wannan halin ba a yanke ƙauna ba, domin doka ta yarda a shigar da I-360 daga ƙasar waje idan cin zarafin a cikin Amurka ya faru.

Tambayar da kowace mace ke yi ita ce, "Zai sani?" Tun 1996 akwai sashe na 1367 a dokokin shige da fice na Amurka da ya hana jami'an gwamnati bayyana wa kowa cewa ta shigar da irin wannan buƙata, ya kuma hana su yanke mata hukunci da bayanin da ya fito daga bakin mai zaluntarta shi kaɗai. Jami'in da ya karya wannan yana fuskantar horo da tarar da ta kai dala 5,000. Wayar nan ɗaya da yake taƙama da ita, ga matsayinta a doka. A fom ɗin akwai gurbin adireshin aminci, inda za a riƙa aika mata wasiƙa: ofishin lauya, ko gidan wata da ta yarda da ita. Kada wasiƙa ko ɗaya ta bi ta akwatin nan na ƙasan bene.

Bayan shigarwa sai jira, kuma jiran yana da tsawo. A 'yan shekarun nan yakan haura shekara 3. Da farko akan aiko takardar da ke cewa bisa duban farko fayil ɗin ya cika sharuɗɗa, wadda ke taimakawa wajen samun wasu tallafin gwamnati. Matar ɗan ƙasa tana iya haɗa I-360 da I-485, wato neman katin kansa, a lokaci guda, ta nemi izinin aiki tana jira. Matar mai katin dindindin kuwa tana bin layin da ke da adadi a shekara. An ɗauke wa masu VAWA abubuwa biyu da ke kayar da wasu: ba a neman wanda zai ɗauki nauyinsu, kuma ba a hana su kati don ana tsoron za su dogara da tallafin gwamnati. Ko wadda ta shigo ta kan iyaka ba tare da biza ba tana iya gyara zamanta a cikin ƙasar. Wadda aka riga aka kai gaban alƙalin shige da fice ma tana da hanyar roƙon a soke korarta, idan ta yi shekara 3 a ƙasar kuma korar za ta jefa ta ko 'ya'yanta cikin matsanancin hali.

Idan mijin shi ma ba shi da takarda, ko babu auren da doka ta sani, VAWA ba ta aiki. Nan bizar U ke shigowa, wadda aka ƙirƙira a 2000 don waɗanda aka yi wa manyan laifuka irin su dukan cikin gida, fyaɗe da kaciyar mata, a cikin Amurka. Matsayin mai laifin ba ya cikin lissafi. Amma ita tana da farashin da VAWA ba ta da shi: sai an taimaka wa hukuma wajen bincike, sai ɗan sanda ko mai gabatar da ƙara ko alƙali ya sa hannu a takardar shaida da ke bin fom I-918, kuma a shigar cikin wata 6 da sa hannun. Babu dokar tarayya da ta tilasta musu sa hannu, shi ya sa gari ya bambanta da gari. Mutum 10,000 kawai ake ba a shekara, masu jira sun haura 200,000. Tun 2021 hukuma ta fara ba waɗanda fayil ɗinsu ya nuna gaskiya izinin aiki suna kan layi. Wadda ta samu bizar, bayan shekara 3 tana neman kati. 'Yar uwarta bizar T ta waɗanda aka yi safararsu ce, gurbi 5,000 a shekara, kuma ta shafi yarinyar da aka kawo da sunan karatu ko riƙo, aka mayar da ita baiwar gida ba albashi ba fita. Neman mafaka kuma wata hanya ce daban mai wa'adin shekara 1 daga shigowa. Fauziya Kassindja 'yar Togo ta kafa tarihi da ita a 1996 a kan kaciya, amma matsayin gwamnati kan dukan cikin gida ya yi ta juyawa, an buɗe a 2014, an ƙuntata a 2018, an sake buɗewa a 2021, an sake ƙuntatawa a 2025, kuma yana bin ra'ayin wanda ke kan mulki.

Gargaɗi biyu. Akwai masu zuga mutane su ƙirƙiri labarin duka don samun kati. Wannan zalunci ne ga mijin da aka yi wa ƙazafi, zalunci ne ga matan da ke da gaskiya, domin shi ke sa a tsananta bincike a kansu. Wanda aka kama da ƙarya ko auren bogi yana iya rasa damar samun takarda har abada. Tun 2025 gwamnati ta ƙara tsauri, kuma wanda aka ƙi buƙatarsa ba shi da wani izinin zama yana iya samun sammacin kotun shige da fice. Saboda haka kada a ba "mai cike fom" na unguwa wannan aikin. Lauya ake nema, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi. Ƙungiyoyi irin su Tahirih Justice Center, da Sanctuary for Families a New York, da ofisoshin Catholic Charities suna irin wannan aiki kyauta ko da kuɗi kaɗan, ba tare da duba addini ba. Layin taimako na ƙasa, 1-800-799-7233, yana aiki dare da rana kuma ana haɗa mai kira da tafinta. Ta nemi tafintan da ba ɗan unguwarsu ba ne; garinmu a can ƙarami ne, magana ba ta kwana.

Mataki na ƙarshe shi ne zama 'yar ƙasa, da fom N-400. Ƙa'ida ita ce shekara 5 da kati, ko shekara 3 ga wadda ke zaune da mijinta ɗan ƙasa. Da an bar shi haka, da mace ta daure a gidan wuya don ta rage shekara 2. Gyaran 2000 ya toshe wannan: wadda ta samu katinta ta dalilin cin zarafin miji ɗan ƙasa, ta I-360 ko ta I-751, tana nema bayan shekara 3 ko da sun rabu, kuma ba a neman ya zo ko ya sa hannu. Ana iya shigarwa kwana 90 kafin cikar wa'adin. Sai ta kasance ta yi aƙalla wata 18 cikin shekara 3 ɗin a cikin ƙasar, kuma tafiyar da ta wuce wata 6 a jere tana jawo tambaya. Akwai jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki, wadda ke tsorata matan da aka hana fita koyon harshe. Azuzuwan manya kyauta suna nan a ɗakunan karatu na unguwa, kuma wadda likita ya tabbatar cewa lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana ta koyo tana iya neman a ɗauke mata da fom N-648. Jami'in zai sake buɗe tsohon fayil, don haka abin da ta faɗa a farko da abin da za ta faɗa a ƙarshe su zama ɗaya. 'Yar Najeriya ta haihuwa ba ta rasa ƙasarta don ta karɓi ta Amurka, sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar mata duka biyun. Kuma a ranar da ta yi rantsuwa, 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara 18 masu katin dindindin, waɗanda ke zaune a hannunta bisa doka, su ma sun zama 'yan ƙasa ba tare da wata jarrabawa ba. Fasfo kawai za ta je ta nema musu.